'Yar da Ban Ƙirga Ba

Sai da na yi sati biyu a Amurka kafin na gane cewa makarantar da na zo ba jami'a ba ce.

A ƙauyenmu, gabas da Bagwai, inda gona ke manne da gona har ba ka rasa wanda za ka yi wa sannu da aiki, kowa ya san Lawan mai gyaran waya ya tafi jami'a karatun kwamfuta. Ni ma abin da na sani ke nan. Kawu Ɗanladi, ƙanen Inna mahaifiyata, wanda ya daɗe yana tuƙin tirela a can, shi ya nema mini gurbi ya aiko takardu. Da na iso na tarar kwaleji ce ta shekara biyu, irin wadda ba ta korar kowa. A ajinmu akwai tsoffin sojoji, da mata masu 'ya'ya, da yaran da jami'a ba ta ɗauka ba.

Na yi wa Kawu maganar muna cin abinci.

Ya ce, "To da ina kake so a kai ka? Daga rumfar cajin waya sai jami'a? Nan ake fara tsayawa. Ka yi shekara biyu, ka ci maki mai kyau, sai babbar jami'ar jihar ta ɗauke ka ka ƙarasa. In ba ta ɗauke ka ba, wannan kuma kai da halinka."

Na ce, "Tana ɗauka kuwa, Kawu?"

"Tana ɗaukar masu kai."

Washegari ya ja motarsa ya tafi, bai dawo ba sai bayan sati uku. Haka zamanmu ya kasance. Gidan ɗaki biyu ne a hawa na uku. Matar da ke ƙasanmu ta kai ƙarata wurin mai gida sau biyu saboda warin daddawa, sau ɗaya kuma saboda wai ina yawan zubar da ruwa da asuba. Na gaishe ta a matakala ya fi sau goma, ba ta taɓa amsawa ba. Daga baya na daina, sai kuma na riƙa jin kamar ni ne na yi rashin tarbiyya.

A wata na biyu aka tura ni ofishin mai ba ɗalibai shawara, wata mata mai suna Misis Barlo. Ita ke tsara wa ɗalibi darussan da zai ɗauka, ita kuma ke ajiye bayanansa. Na gaya mata abin da nake so. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau.

Ta ce, "Sashen kwamfuta na wannan jami'ar? Kowa ya zauna a kujerar nan shi yake ambata. Kujerun da suke bar wa masu zuwa daga kwaleji irin tamu kaɗan ne ƙwarai. Ɗalibansu na cikin gida ma kokawa suke yi a kai. Darussa huɗu suke dubawa, lissafi biyu da na rubuta manhaja biyu. In ka sami abin da ya gaza A a ɗaya, ka fara tunanin wani wurin. Ni da zan ba ka shawara, ka yi kwas ɗin gyaran kwamfuta na shekara ɗaya. Ka ce dama gyara kake yi."

Na ce ina so in gwada.

Ta ce, "Kuɗinka ne, lokacinka ne." Ta juya ga na'urarta tana tambaya tana bugawa. Shekaruna nawa. Talatin da ɗaya. Ina da aure. Ina da shi. 'Ya'ya nawa.

Na ce, "Ɗaya. Namiji."

Ta rubuta, muka wuce zuwa wata tambayar.

'Ya'yana biyu ne a lokacin. Sadiku yana da shekara biyu. Akwai kuma yayarsa, 'yar shekara biyar, wadda mutanen gida ke kira Ummi. Ita ce 'yar fari, kuma sunan Inna aka sa mata. A gidanmu, musamman da yake dangin Inna mutanen rugagen wajen Shanono ne, ba a ƙirga ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye ka sai ka ce na kakarsa ne. Tun da aka yaye ta ta koma ɗakin Inna. In na dawo daga kasuwa da ƙuli-ƙuli ko rake, Inna nake miƙa wa in ce a ba yara. In ta biyo ni ƙofar gida sai in ce, "Ke, koma ciki." Ko Ummi ɗin ban taɓa kiranta da shi ba. Don haka da baturiya ta tambaye ni, bakina ya ba da amsar da ya saba bayarwa a kasuwar Bagwai. Ban ji na yi ƙarya ba. Ban ma sake tuna maganar ba.

Shekarar farko karatu kawai na yi. Turancina na makarantar sakandare ne, malamai kuma suna magana kamar ana korarsu. In an ce a haɗu uku-uku a yi aiki, sai in ga kujeru suna juya mini baya, in rage ni kaɗai sai malami ya cusa ni wani rukunin. Wani yaro ya taɓa tambayata a gaban mutane ko a garinmu akwai wutar lantarki, tun da na zo koyon kwamfuta. Na ce wani lokaci akwai. Suka yi dariya, ban san me ya ba su dariya ba, don gaskiya na faɗa.

Mutum ɗaya ce ta sauƙaƙa mini. Misis Tam, dattijuwa 'yar ƙasar Biyetnam, ita ke riƙe da makullin ɗakin kwamfutoci. Ta gan ni wata rana ina neman lungun da zan yi azahar a bayan matakala, sai ta buɗe mini ɗan ɗakin da suke ajiye tsofaffin na'urori, ta ce in riƙa shiga. Turancinta bai fi nawa ba, shi ya sa muke fahimtar juna. Kullum tana da lemo a jaka, ta ɓare ta ajiye mini rabi a gefen tebur ba tare da ta ce komai ba.

Na ci A a lissafin farko, na ci A a darasin manhaja na farko. Na kai wa Misis Barlo sakamakon. Ta ce, "Masu sauƙin ke nan."

Zango na uku shi ne mai sauran darussan biyu. Ana cikinsa, lokacin da a gida ake yankan gero, wata safiyar Talata ina tsaye a tashar bas, Yaya Sabo ya kira ni. Shi ne babban wanmu. Can gida la'asar ta yi. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, ya tambayi Kawu. Sannan ya ce, "Lawan, sai haƙuri. Yanzu muka dawo daga kai Ummi."

Na ce, "Kai ta ina?"

Na ji muryoyin mutane a bayansa, da wani yana cewa a kawo tabarma.

Ya ce zazzaɓi ne, kwana uku. An kai ta wurin mai magani a gari, aka dawo, jikin ya ƙi. Da hantsi ta cika. Ya ce Inna ba ta iya magana, Binta matata kuma tana ɗaki da mata. Na ce Allah ya ji ƙanta. Ya ce amin. Bas ta zo, na shiga, don ban san wani abin da zan yi ba.

Na kira Kawu, yana hanya a wata jiha mai nisa. Ya yi salati, ya yi addu'a. Na ce ina so in je gida.

Ya ce, "Ka je ka yi me? An riga an rufe ta. In ka fita da irin bizarka a tsakiyar zango, wa ya ce maka za su bar ka ka dawo? Yarinya ce, ta huta. Ka zauna ka yi abin da ya kawo ka."

A gida da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, mutane na zuwa daga ƙauyukan kewaye, ni kuma in zauna a gefe kaina a ƙasa, Yaya Sabo yana amsa gaisuwa a madadina. Uban ɗan fari ba ya nuna komai, amma akwai mutane kewaye da shi. A nan ba wanda ya zo. Na ci gaba da zuwa aji. Ina zaune, ina kallon allo, ina kwafe abin da aka rubuta, in na koma gida na buɗe littafin sai in ga kamar wani ne ya yi rubutun. Abin da ke dawo mini kullum shi ne ƙofar gida, da ni ina cewa ke koma ciki.

Bayan jarrabawar tsakiyar zango malamin lissafi ya aiko mini da saƙo ta imel. Ya ce ya ga makina ya faɗi, ko akwai wata matsala? Na amsa masa yadda ake amsawa. Na ce lafiya lau nake, na gode, zan ƙara ƙoƙari.

Zango ya ƙare na sami C a duka biyun. Da faɗuwa na yi gaba ɗaya, da dokar kwalejin ta bar ni na maimaita. C ba a maimaita ta. Tana nan a takarda.

Misis Tam ce ta lura. Ta ce na rame, kuma na daina cin lemon. Ban san yadda aka yi ba, na gaya mata. Ban da Kawu, ita ce mutum ta farko da na gaya wa da bakina, wata biyu da rasuwar. Ta zauna a kujerar kusa da ni. Sannan ta ce akwai hanya. In an yi wa ɗalibi rasuwa ta kusa a cikin zango, yana iya rubuta wa wani kwamiti ya roƙi a share zangon, ya sake darussan. Sai dai suna neman takardar shaidar mutuwa.

A ƙauyenmu wa ke karɓar takardar mutuwa? Mutum ya rasu da hantsi, kafin la'asar an dawo daga maƙabarta.

Kawu da ya dawo ya ce wannan ba matsala ba ce, ya kira wani Nazifi. Nazifi ɗan cikin birnin Kano ne, ya daɗe a garin, ba wanda ya san takamaiman aikinsa, amma kowa ya san in kana neman takarda shi ake nema. Ya zo da yamma da turarensa, ya zauna ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Ya ce, "Malam Lawan, Allah ya ba da haƙuri. Wannan ai ƙaramin aiki ne. Asibiti za mu sa, da hatimi, da sa hannun likita. Kwana biyu. Wallahi na yi wa wani ta kakarsa sau biyu, kuma tsohuwar tana nan da ranta a Fagge tana cin goro."

Ya yi dariya, Kawu ma ya yi.

Na ce, "Ba a asibiti ta rasu ba."

"To su sun sani ne? Kai dai ba ni suna da ranar."

Na ce a bar shi, na gode.

Kawu ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ƙarya za ka yi? Ba ta rasu ba ne?"

Na ce ta rasu, shi ya sa. Ban iya yi masa bayanin da ya fi wannan ba. Abin da na ji shi ne, ba zan sa ta a layi ɗaya da tsohuwar Fagge ba. Nazifi ya tashi yana karkaɗe riga, ya ce wa Kawu, "Alhaji, mutanen ƙauyenku sai a hankali." Kawu bai yi mini magana ba har ya koma hanya.

Na sa Yaya Sabo ya je wurin liman da mai unguwa. Suka rubuta takarda da hannu, da Hausa, cewa Ummi 'yar Lawan ta rasu ranar kaza, su suka yi mata salla. Ya ɗauki hotonta da waya ya turo, tare da hoton katin rigakafinta. Na fassara takardar da kaina, na haɗa na miƙa.

Suka kira ni bayan sati uku. Mutum uku ne a bayan dogon tebur: shugaban kwamitin, wanda wani mai furfura ne da ban sani ba, da wata malama, da Misis Barlo. Ba wanda ya yi mini ta'aziyya. Shugaban ya ce sun karanta, akwai abubuwan da ba su daidaita ba.

Misis Barlo ta juyo da na'urarta. Ta ce, "A zamanmu na farko na tambaye ka 'ya'yanka nawa. Ka ce ɗaya, namiji. Ga shi na rubuta a ranar. Yanzu kuma 'ya mace ce ta rasu."

Na ce ita ce ta fari, kuma a wurinmu ba a ƙirga na fari.

"Ba a ƙirga shi? Kamar yaya?"

Na yi ƙoƙari. Na ce kunya ce, na ce girmamawa ce ga iyaye, na ce yarinyar a hannun mahaifiyata take. Kalmomin da nake da su na Turanci ba su kai ba. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke fita, kamar ina cewa ban damu da ita ba.

Ta ce, "Wato a al'adarku, in ofis ya tambayi mutum, sai ya faɗi abin da ba haka ba."

Malamar ta ɗauko wata takarda, saƙon da na aika wa malamin lissafi. Ta karanta shi a fili. Lafiya lau nake, na gode. Ta ce wannan kwana goma sha biyu ne bayan ranar da na ce 'yata ta rasu.

Na ce haka ake amsawa.

Shugaban ya jera hotunan biyu a gabansa. Ya ce, "Takardar nan ta hannu ta ce Ummi. Katin nan kuma wani suna ne daban a kai. Yara biyu ne ko ɗaya?"

Na ce ɗaya ce. Ummi lakabi ne, na katin shi ne na yanka.

"To mene ne sunanta?"

Na nuna katin. Na ce ga shi nan a rubuce.

Ya kife katin a kan tebur. Ya ce, "Kai nake tambaya. 'Yarka ce. Mene ne sunanta?"

Ba zan ce addini ne ya hana ni ba. Liman da kansa da yana wurin cewa zai yi in faɗa. Na kuma san abin da ke kan teburin: darussa biyu, da jami'ar, da shekara ɗaya da rabin da na yi ban ga gida ba. Na buɗe baki. Sunan mahaifiyata ne, ban taɓa furta shi ba tun da aka haife ni. Sunan 'yata ne, ban kira ta da shi ba tana da rai, ko sau ɗaya. Sai ga shi ana so karon farko ya zama a nan, a gaban mutum uku da ke jira su ga ko na haddace abin da ke jikin kati. Sunan bai fito ba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na ga shugaban ya dubi Misis Barlo, ya rubuta wani abu.

Ya ce, "Shi ke nan. Za ka ji daga gare mu."

Amsar ta zo a layi uku. Hujjojin da na kawo ba su gamsar ba.

Duk da haka na cika fom ɗin jami'ar. A zango na huɗu na koma cin A, amma ba a darussan da suke dubawa ba. Akwai wani gurbi a fom ɗin da aka ce mutum ya bayyana duk abin da ya shafi sakamakonsa. Misis Tam ta ce in cika shi taf, in faɗi komai. Na zauna a gabansa kwana biyu. Abin da na iya rubutawa shi ne an yi mini rasuwa a zango na uku.

Da sanyi ya fara raguwa, itatuwa suka fara toho, saƙonsu ya zo. Sun gode da sha'awata. Masu nema sun yi yawa a bana. Na nuna wa Misis Barlo don doka ce ta sa a fayil. Ta ce, "Na gaya maka tun farko," ta ba ni sunayen wasu ƙananan jami'o'i biyu da ke ɗaukar mai C. A ɗayansu nake yanzu. Kawu ya ce da na bi ta Nazifi da tuni an wuce wurin, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne.

Ranar da saƙon ya zo, da na fito daga ofishin, na zauna a wani benci na kira Binta. Tun rasuwar muna waya, amma gaisuwa ce da maganar Sadiku da ta gona. Ba mu taɓa taɓo zancen ba. Ita ma 'yar farinta ce.

Ta ce, "Malam, ya ake ciki? Sun ɗauke ka?"

Na ce ba su ɗauka ba.

"Allah ya sa haka ne mafi alheri. Karatun ne ya yi wuya?"

Sai na gaya mata duka, har kwamitin, har katin da aka kife. Na ce sun tambaye ni sunan yarinyar nan.

Ta ce, "Ka faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Ina jin kaji a tsakar gida, da wata tana daka.

Ta ce, "Ni na faɗa."

Na ce yaushe.

"Ranar. Inna ta fita kiran Yaya, aka bar ni da ita. Na ga idonta yana juyawa. Na ce Ummi, ba ta motsa ba. Sai na kira ta da na yankan." Ta tsaya, na ji tana jan numfashi. "Ta buɗe ido ta dube ni, Malam. Kamar tana mamakin ashe na san shi."

Na riƙe wayar. Ɗalibai suna ta wucewa ta gabana zuwa aji.

Ta ce, "Kana ji na?"

Na ce ina ji.